₦720,720: cinikin Auwalu na jiya da ya hana zaure barci

Auwalu Mai POS: Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam Sani, kana kusa? Jiya da daddare da na zo rufe shago na haɗa abin da ya shigo, sai lissafi ya tsaya a kan ₦720,720 cif. Yadda ta maimaita kanta ne ya fara ɗaukar hankalina. Ina zaune a bakin Tashar Dukku ina jiran ɗan acaɓana, sai na hau wasa da kalkuleta. Na raba biyu, 360,360. Na raba uku, 240,240. Huɗu, 180,180. Biyar, 144,144. Wallahi haka na yi ta tafiya har sha shida, ko sau ɗaya ɗigo bai fito ba. Sai a sha bakwai ta cije. Mai shayin da ke gefena ya ce lambar tana da asiri, kada in kashe kuɗin sai na yi sadaka. To ni dai na kawo ƙara, mene ne gaskiyar abin?

Adda Hauwa: Wa alaikumus salam. Ni ba lambar ce ta dame ni ba. Auwalu, dama haka kuɗi ke ratsa hannunka a yini guda kake mana kukan babu?

Auwalu Mai POS: Haba Adda, kuɗin mutane ne fa, wucewa suke yi. Abin da ya rage mini a ciki bai kai na cefane ba.

Baffa Manu: Mai shayi bai yi ƙarya ba. Sadaka dai ba ta ɓaci. Kuma tun muna yara muke jin malamai na cewa akwai lambobi masu sirri. Shekarata talatin da wani abu ina awo a Tudun Hatsi, ban taɓa ganin kuɗin da za a raba wa mutum bakwai da mutum sha ɗaya da mutum sha uku duk a tashi ba saura ba. Kullum sai an bar wani abu a ce a sayi goro.

Malam Sani: Ina nan Auwalu, yanzu na fito daga aji. Baffa, a yi sadaka, wannan ba gardama. Amma batun asiri, bari in kwance muku lambar kamar yadda makanike ke kwance inji, kowa ya ga abin da ke ciki.

Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka har abada. Ni a aji ina ce musu gagara-rabo, yara sun fi riƙe wannan sunan. Duk wata lamba da ba ita ce 1 ba, ko dai tana cikinsu, ko kuwa da su aka gina ta, kuma hanyar ginin ɗaya ce tak. Ta Auwalu ga kayan cikinta:

2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 = 720,720

Biyu guda huɗu, uku guda biyu, sai biyar, bakwai, sha ɗaya da sha uku ɗai-ɗai. To yanzu ku duba. 16 tana buƙatar biyu guda huɗu, akwai su. 9 tana buƙatar uku guda biyu, akwai. 14 tana son 2 da 7, akwai. 15 tana son 3 da 5, akwai. Ita kuwa 17 babu ta a cikin kayan, kuma ba a haɗa ta daga wasu. Shi ya sa ta cije, ta bar saurar naira 5.

Auwalu Mai POS: Ƙwarai kuwa, 42,395 da ɗigo ta ba ni.

Malam Sani: Abin da ya fi wannan ma, ita ce mafi ƙanƙanta da za ta iya wannan aiki. Duk duniya ba ka samun lamba ƙasa da 720,720 da 1 zuwa 16 za su raba ta gaba ɗaya. Rabinta, 360,360, tana kaiwa 15 ta tsaya, don biyu guda uku kawai gare ta. Ta 1 zuwa 10 kuwa 2,520 ce.

Maman Ummi: Au, wai wannan shi ne LCM ɗin da Ummi ke mini kuka a kansa kowane dare? Malam, me ya sa ba haka kuke koya musu ba? Ita dai layuka take ja tana haddacewa, in ka tambaye ta amfaninsa sai ta zuba maka ido.

Malam Sani: Shi ne fa Hajiya. Yara tamanin a aji, minti arba'in, ga manhaja tana kora. Ba ina kare kaina ba ne, laifin namu yana nan.

Baffa Manu: To na ji batun kayan ciki. Amma maimaituwar fa? 720 sannan 720. Ka ce wannan ma ba komai?

Malam Sani: Baffa, ba ni kowace lamba mai gida uku da ka ga dama.

Baffa Manu: 385. Buhunan waken da na ɗora wa mota ran Talata ke nan.

Malam Sani: Allah Ya sa albarka. Rubuta ta sau biyu, 385,385. Raba da 7, abin da ya fito raba da 11, abin da ya fito raba da 13.

Baffa Manu: Bari in kira yaron shago, idona ba ya ganin ƙananan nan.

Baffa Manu: Ikon Allah. 55,055, sannan 5,005, sannan 385 ta dawo. Sani, kai ma ka fara duba ne?

Malam Sani: 😂 Ba duba Baffa. 7 × 11 × 13 shi ne 1,001. Duk lamba mai gida uku da ka ninka da 1,001, ka ninka ta da dubu ke nan ka ƙara ta sau ɗaya, sai ta fito a jere sau biyu. Saboda haka 123,123 da 999,999 da ta wakenka duk 7 da 11 da 13 suna raba su. Abin da ya bambanta ta Auwalu shi ne ita kanta 720 ɗin mai yawan rabuwa ce: 1 × 2 × 3 × 4 × 5 × 6 ce, lambobi 30 ke raba ta. Sai aka aura mata 1,001 wadda ta zo da abubuwa ukun da ba ta da su.

Bello Na-Bauchi: Ina biye da ku daga Yelwa. Na gwada da ƙananan hukumominmu 20, kowace ta tashi da 36,036. Jihohi 36, kowace 20,020. Ku fa 'yan Gombe da 'yan sha ɗayanku?

Zainab Ɗaliba: 65,520 kowace, Yaya Bello. Tamu ta fi taku kauri.

Bello Na-Bauchi: Ai don mun yafe muku ne a 1996. Da muna tare 31 ke nan.

Zainab Ɗaliba: 31 kuwa gagara-rabo ce, ba ta cikin kayan. Ka ga ko lissafi bai yarda mu zauna tare ba.

Adda Hauwa: A sa Abuja a cikin jihohin mu gani.

Bello Na-Bauchi: Da Abuja 37, ta ƙi. Saura 34 ya rage. Ban ce komai ba ni dai.

Auwalu Mai POS: Malam, to gaba ɗaya lambobi nawa ne ke raba ta? Na ci gaba da safen nan, 18 ta shiga, 20, 21, 22, 24, 26, 28, 30 duk sun shiga. 19, 23, 25, 27, 29 sun ƙi. Na ƙirga wajen sittin na gaji.

Malam Sani: 240 ne, in ka haɗa da 1 da ita kanta. Kuma ba sai ka gwada ɗaya bayan ɗaya ba. Tun da mai shayinka ne ya tayar da maganar, bari mu zauna a teburinsa. A ce ƙwai huɗu suka rage masa, biredi biyu, madara ɗaya, Indomie ɗaya, kifin gwangwani ɗaya, shayi kofi ɗaya. Ka zo za ka yi oda. A ƙwai kana da zaɓi biyar: ko ɗaya ba ka so, ko ɗaya, ko biyu, ko uku, ko huɗu. A biredi zaɓi uku. Sauran huɗun kowanne zaɓi biyu, a sa ko kada a sa. Oda iri nawa za ka iya yi? 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 240.

Ƙwan nan su ne biyu-biyun, biredin su ne uku-ukun, sauran su ne 5, 7, 11, 13. Kowace oda lamba ce mai raba ta. Ƙwai biyu da biredi ɗaya, 2 × 2 × 3, ka sami 12. Wanda ya zauna a benci bai sayi komai ba, shi ne 1. Wanda ya share teburin kaf, shi ne 720,720. Ita 25 da ta ƙi, madara biyu take nema, mai shayi kuwa ɗaya gare shi. 27 biredi uku take so.

Maman Ummi: Wannan na tura wa Ummi yanzu-yanzu.

Malam Sani: Ku kwatanta da miliyan ɗaya da kowa ke buri. Kayan cikinta biyu guda shida ne da biyar guda shida, shi ke nan. 7 × 7, lambobi 49 kacal ke raba ta. Ko mutum uku ba za su raba miliyan su tashi lafiya ba. A ƙasa da miliyan kuwa babu wata lamba mai 240 sai ta Auwalu.

Zainab Ɗaliba: Malam, a gafarce ni, ina ganin akwai gyara a nan. 831,600 ma 240 ne. Kayanta biyu guda huɗu, uku guda uku, biyar guda biyu, 7 da 11. 5 × 4 × 3 × 2 × 2 = 240.

Malam Sani: Tsaya in duba.

Malam Sani: Gaskiyarki Zainab, na yi azarɓaɓi. Abin da ya kamata in ce shi ne ita ce ta farko da ta kai 240, kuma a ƙasa da miliyan ba wadda ta wuce 240. Akwai masu kamo ta, babu mai wuce ta sai an je 1,081,080 mai 256. Wadda ke riƙe da kambun kafin ita 665,280 ce, mai 224. Irin waɗannan da kowace ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu raba ta, jerinsu ya fara ne da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120. Wani ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi dogon rubutu a kansu a 1915 lokacin yana Ingila. Ya rasu a 1920 yana da shekara 32.

Baffa Manu: Yau ɗaliba ta kama malami. Allah Ya yi miki albarka 'yata.

Bello Na-Bauchi: A jerin nan na ga 12 da 24 da 60. Ashe ba banza aka sa dozin 12, yini awa 24, awa minti 60 ba. Mutanen Babila na dā da sittin-sittin suke ƙirga, daga wurinsu aka gaji mintin da daƙiƙar. 60 ta fi 100 daɗin rabo nesa ba kusa ba, 12 ke raba ta, ita 100 kuwa 9.

Har ma Aflatun na Girka ya ce garin da ya dace a tsara shi ne mai magidanta 5,040, don a iya kasa su gida-gida wajen haraji da yaƙi. Tana rabuwa da 1 zuwa 10 da kuma 12, amma ta ƙi 11, sai an cire gida biyu. Da a Gombe yake da ya sha wuya.

Alaramma Usmanu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Wani ya turo mini ta gefe wai tun da lambar nan tana rabuwa da komai, to duk gadon da ya kai wannan adadi zai rabu ba karaya. A yi hattara, ba haka ba ne.

Rabon da Alƙur'ani ya ambata shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Asalin mas'alolin kuwa, wato adadin kason da ake fara kasa dukiyar, daga 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24 ake ɗaukar su, duk kuma suna raba lambar Auwalu. Har nan lafiya. Amma akwai abin da ake kira auli, inda rabon magada in an tara ya fi asalin yawa, sai a ɗaga asalin kowa ya ɗan ragu. 6 tana hawa zuwa 7, 8, 9, 10. 12 tana hawa zuwa 13, 15, 17. 24 tana hawa zuwa 27. Kun ga 17 da 27 sun shigo, su ne kuwa Auwalu ya ce sun ƙi.

Malam Sani: Allah Ya gafarta Malam, wallahi ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. A ba mu misali da 27 ɗin.

Alaramma Usmanu: Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Daga 24: mata sumuni, 3. 'Ya'ya sulusi biyu, 16. Uwa sudusi, 4. Uba sudusi, 4. An tara 27. Ita ce ake kira Minbariyya, domin malamai sun kawo cewa an tambayi Sayyidina Aliyu yana kan mumbari, ya amsa nan take cewa sumuninta ya koma tusu'i. Uku cikin 27 ai ɗaya cikin tara ne. Zainab, yi mana lissafin da kuɗin Auwalu, Allah Ya ba shi tsawon rai.

Auwalu Mai POS: Amin Alaramma, har gabana ya faɗi. Ni ko auren ban yi ba an fara raba gadona.

Zainab Ɗaliba: Matar ta sami ₦80,080 daidai, tun da 9 tana shiga. Uwa da uba kowanne ₦106,773 da sulusin naira. 'Ya'yan kowace ₦213,546 da sulusi biyu na naira. Ko an koma kwabo ba zai tsaya ba, 33 ne da ɗigo uku-uku ba iyaka.

Alaramma Usmanu: To kun gani. Ta 17 kuma: mata, uwa, 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, da 'yan'uwa biyu ta wajen uwa. 3 da 2 da 8 da 4. Sannan ko ba auli, in 'ya'ya maza takwas ne da mace ɗaya, kaso 17 za a yi. A gidajenmu wannan ba abin mamaki ba ne.

Shi ya sa nake ce wa ɗalibai wanda bai iya hisabi ba kada ya taɓa dukiyar marayu. Batun sirri kuwa, Baffa, ilimin adadi malamanmu sun yi shi sosai. Akwai Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, da ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin gida tara da ko ta ina ka tara 15 za ka samu, ƙa'ida ce ke fitar da shi, wanda ya koya zai yi. Amma a ce wata lamba tana kawo arziki ko tsiya da kanta, wannan ban san shi a karatu ba.

Baffa Manu: Na karɓa Alaramma. Amma ni har yanzu ina ganin cikin dubban lambobi a ce wannan ce ta faɗo wa yaron nan, akwai abin dubawa.

Bello Na-Bauchi: Baffa, masu POS nawa ne a Gombe kaɗai? Kowanne yana rufe lissafi kowane dare. Wanda ya tashi da 713,450 ba zai zo zaure ya ba da labari ba. Wanda ta yi wa kyau ne kawai muke ji.

Baffa Manu: Ku 'yan boko komai sai kun tsige masa gashi.

Malam Sani: In ana son wadda za ta ɗauki 17 ɗin, sai a ninka: 12,252,240. In ana son 27 ma ta shiga, a ƙara biredi ɗaya, wato a ninka da 3, ta zama 36,756,720. Auwalu sai ka ƙara ƙoƙari.

Adda Hauwa: Ni tambayata ta 'yan adashe ce. A takarda kun ce ta rabu. To a hannu fa? Mu goma sha biyar ne a namu, kowa ₦48,048. Ina zan samo naira takwas? Rabon da in ga ko naira biyar a kasuwa har na manta. Mutum sha shida ₦45,045. Wa zai ba ni arba'in da biyar?

Auwalu Mai POS: Sai tiransifa Adda. Ki zo shagona.

Adda Hauwa: Ka cire cajinka lissafin Malam ya rushe ke nan.

Goggo Dija: Jikata ce ke karanta mini tana rubuta abin da na ce. Ku da kuke ta lamba-lamba, wa zai iya faɗinta da Hausa ba tare da ya rikita mai ji ba? In ka ce dubu ɗari bakwai da ashirin da ɗari bakwai da ashirin, wani zai ɗauka ashirin ɗin farko naira ashirin ce. Sai ka ce dubu ɗari bakwai da dubu ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Kakata da wuri ta yi ciniki tana yarinya, takan ce wuri zambar ashirin shi ne keso guda. To ku lissafa mini, wannan keso nawa ne?

Zainab Ɗaliba: Keso 36 Goggo, da wuri 720 a sama.

Goggo Dija: To wannan sai da jakuna.

Hamma Buba: Ni manomi ne, daga Dadin Kowa nake, ku yi mini magana da harshen gona. In ina da dashen da ya kai wannan adadi, ina son kowace kunya ta ɗauki daidai da 'yar'uwarta, kuma gonar ta fito kusan murabba'i, yaya zan yi?

Malam Sani: Tambaya mai kyau Hamma. Masu raba lamba tafiya suke yi biyu-biyu: 1 da 720,720, 2 da 360,360, 16 da 45,045, haka. 240 ke nan ta ba da tagwaye 120, wato fasalin gona iri 120. Murabba'i sak ba zai yiwu ba, don 848 × 848 ya ba da 719,104, ya gaza, 849 × 849 kuma 720,801, ya wuce. Mafi kusa shi ne kunya 840, kowace da dashe 858.

Bello Na-Bauchi: Tun da an yabi wannan lamba har ta fara girman kai, ga maƙwabciyarta: 720,701. Tsakaninsu 19 kacal. Duk wanda ya faɗi abin da ke raba ta ban da 1 da ita kanta, katin dubu ɗaya na kaina. Sharaɗi, kalkuleta kawai, ba tambayar intanet ba. Malam Sani ba ya ciki.

Auwalu Mai POS: Na shiga.

Malam Sani: Kafin su dawo, bari in ƙara wani rabe-raben da magabata suka yi. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce. 6 ke nan: 1 + 2 + 3. Sai 28, sai 496, sai 8,128, daga nan sai ka yi tsalle har 33,550,336. Duk waɗanda aka taɓa samu cika ne, ba a taɓa samun mara ko ɗaya ba, kuma har yau ba wanda ya iya tabbatar da cewa babu. In jimlar ta gaza, mai giɓi ce, kamar 10 da ke ba da 8. In ta wuce, mai rara ce, kamar 12 da ke ba da 16. Ta Auwalu in ka tara nata 239 ɗin za ka sami 2,529,072, ya fi ninkinta uku da rabi. Rara kam ta yi rara.

Maman Ummi: Malam da hannu ka tara guda 239?

Malam Sani: A'a, teburin mai shayi dai. (1+2+4+8+16) × (1+3+9) × 6 × 8 × 12 × 14, wato 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 3,249,792. Sai ka cire ita kanta.

Alaramma Usmanu: Tammun, za'idun, naƙisun. Haka suke a littattafan Larabci. Akwai ma waɗanda suke kira masoya, 220 da 284: masu raba wannan in an tara su ba da waccan, na waccan su ba da wannan. Sabitu ɗan Ƙurra ya yi bincike a kansu a Bagadaza, ya rasu a 901.

Adda Hauwa: Lambobi ma sun sami masoya, Auwalu na nan.

Auwalu Mai POS: Adda ki bar ni ina aiki. Na gwada har 100, ba wadda ta shiga. Yaya Bello, wannan gagara-rabo ce, wayo ka yi mana don kada ka biya.

Bello Na-Bauchi: Ba ita ba ce. Ci gaba.

Malam Sani: Auwalu, ba sai ka gwada kowace lamba ba, gagara-rabo kawai za ka bi. Kuma ba ka da ikon yanke hukunci sai ka kai 848, tun da in tana da masu raba ta, dole ɗaya daga cikin tagwayen ya kasance ƙasa da 849. Ta sama da lambarka kuwa ba ka da wahala: 720,722 biyu na raba ta, 720,723 uku, 720,724 huɗu, har 720,736 da sha shida ke rabawa. Lambobi 15 a jere ba gagara-rabo ko ɗaya.

Auwalu Mai POS: Na kai 300. Kwastomomi na tsaye, wata har ta ce ko netwok ne babu.

Bello Na-Bauchi: Wahalar da kake sha ɗin nan, da irinta ake kulle wani ɓangare na sirrin banki da intanet. Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne na ƙiftawar ido, amma a ba ka amsar a ce ka nemo su, nan ake yin ta. Taka mai gida shida ce. Waɗanda ake aiki da su gidajensu sun haura ɗari shida. Babbar gagara-rabo da aka gano a Oktoban 2024 kuwa gidajenta 41,024,320.

Hamma Buba: Wa ya ƙirga?

Bello Na-Bauchi: Kwamfutoci Hamma. Ita ta Auwalu ma in za ka ƙirga ɗaya-ɗaya, kowace daƙiƙa lamba guda, ba ci ba barci, sai ka yi kwana 8 da awa 8 da minti 12.

Zainab Ɗaliba: 839 × 859. Yaya Bello, MTN nake amfani da shi.

Auwalu Mai POS: Kai! Ban yarda ba, intanet ta tambaya. Ina 409 yanzu, yaushe ta wuce ni?

Zainab Ɗaliba: Ban bi layi ba ne. Amsar da Malam ya ba Hamma Buba na duba. Ya ce 849 × 849 = 720,801. Na cire 720,701, sai na ga saura 100 daidai, wato 10 × 10. In ka sami haka, lambar ita ce (849 − 10) × (849 + 10). Ka zana gona mai 849 kowane gefe ka yanke mata ɗan murabba'i mai 10 a kusurwa, ragowar in ka gyara ta za ta ba ka 839 a 859.

Malam Sani: Daidai. Su biyun kuma duk gagara-rabo ne, saboda haka huɗu kawai ke raba 720,701: 1, 839, 859 da ita kanta. Maƙwabciyarta na da 240. Ta hanyarka Auwalu, 839 ita ce gagara-rabo ta 146, da sauranka tafiya. Bello ma da gangan ya zaɓi biyu masu kusa da juna, da sun yi nisa da wannan dabarar ba ta yi saurin ci ba.

Bello Na-Bauchi: An tura. Sau biyu ke nan yau Gombe ta ci Bauchi, ba za a yi na uku ba.

Baffa Manu: Auwalu, ka dai yi sadakar?

Auwalu Mai POS: Na yi Baffa. Almajirai bakwai na samu a bakin tasha, na ba su ₦700 su raba. Kafin in juya na takwas ya iso.